Yadda ake ƙawata silin ɗaki, daga duba kwano har zuwa kunna fitila

Kujeru da labule ana iya canza su da Sallah ko idan biki ya taso. Silin kuwa, da zarar an ɗaura shi, shi ke nan, zai yi shekara goma ko ashirin a saman kanka, kana kwance kana kallonsa, baƙo yana zaune yana kallonsa. Duk da haka shi ne abin da mutane suka fi yi wa gaggawa. Maigida ya ga hoto a waya, ya tura wa mai POP, wato mai yin silin da farar hodar nan da ake damawa da ruwa ta daskare, ya ce "irin wannan nake so", ba tare da ya tambayi kansa ko falon da ke cikin hoton tsayinsa ɗaya da nasa ba. Kyan silin ba ya zuwa daga yawan hawa-hawa da fitilu masu launi. Daga awo yake zuwa, da kuma yin kowane aiki a lokacinsa. Ga yadda ake bi.

Mataki na farko: hau sama tukuna

Kafin a sayi ko buhu ɗaya na hoda, a sa tsani a leƙa ƙarƙashin kwano da rana tsaka. Duk inda ka ga haske yana shigowa kamar tsinin allura, ruwa ma ta nan zai shigo. A duba bakin ƙusoshi, da mahaɗar kwano, da kwarin da rufi biyu suka haɗu, domin nan ne yoyo ya fi ɓuya. Idan da hali, a bar sabon rufi ya sha ruwan sama mai ƙarfi ko sau biyu kafin a rufe shi da silin. POP da allon jifsam ba sa shiri da ruwa ko kaɗan: ɗigo kaɗan ya isa ya bar tabo ruwan ƙasa wanda fenti ba ya rufewa, idan kuma ya daɗe sai allon ya yi ciki ya faɗo.

A ƙwanƙwasa rafta a ji. Wanda gara ta ci yana ƙara kamar ba komai a cikinsa, a cire shi. Sauran a shafe su da maganin gara, har da sabon katakon da za a yi firam da shi. A toshe ramukan da jemagu da tsuntsaye ke shiga da raga, amma kar a liƙe sararin gaba ɗaya. Iskar da ke tsakanin kwano da silin tana bukatar mafita, in ba haka ba zafin Afrilu zai taru a can ya riƙa saukowa cikin ɗaki har tsakar dare. Wanda yake da hali ya shimfiɗa takardar nan mai ƙyalli ta hana zafi a ƙarƙashin kwano yanzu, domin bayan an rufe, aikin ya zama biyu.

Idan tsohon gida ne mai silin asbestos, irin farin allon nan mai murabba'i da aka yi yayi a da, a yi hattara. Ƙurarsa idan ta shiga huhu tana jawo cutar daji bayan shekaru masu yawa. Kar a yanka shi da zarto, kar a goge shi da samfefa, kar a farfasa shi. Idan lafiyarsa ƙalau, gara a bar shi a ɗaura sabo a ƙarƙashinsa ba tare da an huda shi ba. Idan dole sai an cire, a jiƙa shi da ruwa, a sauke shi ɗai-ɗai ba tare da ya karye ba, ma'aikata su rufe hanci da takunkumi na ƙwarai, yara kuma su bar gidan.

Mataki na biyu: awo

A auna daga ƙasa zuwa inda silin zai tsaya, a kuma tuna da kaurin tayil idan ba a riga an sa ba. Yawancin gidajen bulo na yanzu suna kai mita 3, wato kusan ƙafa 10. A irin wannan tsayin za ka iya sauke gefe da santimita 15 zuwa 25, ɗakin bai takura ba. Idan tsayin bai wuce mita 2.7 ba, ka haƙura da hawa-hawa. Silin shafaffe da kwanis siriri a gefe, wato adon da ake zagaya mahaɗar bango da silin da shi, ya fi maka, kuma ba abin kunya ba ne.

Fanka ce alƙali a nan. Fukafukanta kar su yi ƙasa da mita 2.1 daga ƙasa, mita 2.4 ya fi kwanciyar hankali, musamman a gidan da ake ɗaga yara sama ko ake da dogaye masu miƙa hannu su sa babbar riga. Tsakanin fukafukan da silin kuma a bar aƙalla santimita 25, don ta samu iskar da za ta ja. Ka lissafa wannan kafin ka yarda da kowane zane.

Mataki na uku: da me za a yi?

POP shi ne abin yayi. Hodar jifsam ce, wani farin dutse mai laushi, da aka gasa, idan ta haɗu da ruwa sai ta koma dutse cikin mintuna kaɗan. Ana zuba ta a kan tebur mai santsi tare da zaren filas, wato zaren tsiro mai kama da na rama da ke ƙara mata ƙarfi, a fitar da alluna, sannan a ɗaure su a jikin firam. Amfaninsa shi ne yana karɓar kowace irin siffa, da'ira ce ko baka ko fure, kuma ba ya cin wuta. Illarsa nauyi da ƙazantar aiki, ga shi kyansa gaba ɗaya yana hannun ma'aikaci. Gwani zai ba ka silin sumul, ɗan koyo zai ba ka tudu da kwari.

Allon jifsam daga masana'anta yake zuwa, mita 1.2 a faɗi, 2.4 a tsawo, kauri kusan milimita 9 ko 12. Ya fi sauri, ya fi tsabta, kuma a miƙe yake tun daga kanti. Ga mai son zane na layuka madaidaita, ni shi na fi ba da shawara. Akwai mai koren launi wanda aka yi don wurin danshi.

PVC roba ce, ba ruwanta da ruwa ko gara, ana goge ta da tsumma. Ta dace da banɗaki da baranda da shago. Amma kar a sa ta a saman murhu ko risho, domin zafi yana lanƙwasa ta, idan kuma gobara ta tashi narkewa take yi tana fitar da hayaƙi mai guba. Mai arha a cikinta takan yi rawaya bayan 'yan shekaru.

Sai katako da kayan gargajiya, waɗanda mutane suka manta da su. Siraran katako da aka jera aka shafa musu banish, ko asabari mai kyan saƙa da aka shimfiɗa tsakanin sanduna, suna ba ɗakin karatu ko zaure wani kwarjini da POP ba ya bayarwa. Sai dai suna son maganin gara, kuma a nisanta su da waya mara bututu.

Lissafin allo ba wuya. Falo mai mita 4 da mita 5 murabba'in mita 20 ke nan. Allon jifsam ɗaya yana rufe 2.88, saboda haka bakwai za su rufe shi da ƙyar. Ƙara ɗaya saboda yanka da ɓarna, sannan biyu ko uku idan akwai saukakken gefe. Idan ma'aikaci ya rubuto maka ashirin, ka ce, "Malam, zo mu sake lissafin nan tare."

Mataki na huɗu: zane

Nan ne ya kamata a zauna a ɓata lokaci. Ɗauki takarda ka zana ɗakin daga sama, ka sa ƙofa da tagogi da inda kujeru ko gado za su zauna. Alamar farko da za ka sa ita ce ta fanka. Fankar da aka fi amfani da ita mai inci 56 ce, wato tana share da'ira mai faɗin mita 1.4. Tsakiyar silin ɗinka, wurin da ba a sauke ba, ya zama ya kai aƙalla mita 2 a faɗi don ta sake. Idan falon dogo ne mai fanka biyu, raba tsawon gida huɗu, ka sa ɗaya a ƙarshen kashi na farko, ɗaya a ƙarshen na uku.

Bayan fanka sai gefe. Zanen da ya fi daɗewa bai gundure mutum ba shi ne mai sauƙi: a sauke gefe ko'ina da faɗin santimita 40 zuwa 60, a bar tsakiya a sama, a ɓoye fitila a cikin lungun da ke tsakaninsu. Hawa ɗaya ya isa ɗaki matsakaici. Hawa biyu sai babban falo. Hawa uku da huɗu, da tauraro a cikin da'ira a cikin murabba'i, wannan na ɗakin taron biki ne, kuma ko a can ƙura ce ke jin daɗinsa. Kowane lungu da ka ƙara, ka ƙara wa uwargida ko 'yan aikinta wurin da za su hau kujera su share bayan hunturu.

Silin ya bi abin da ke ƙasa. Idan teburin cin abinci yana gefe ɗaya na falon, a yi masa nasa ƙaramin murabba'i a samansa daidai, sai ya raba wurin ba tare da an gina bango ba. A ɗakin kwana kuma, adon ya fi kyau a wajen kan gado, kuma kar a sa fitila mai haske kai tsaye a inda fuskar mai barci take. A gefen taga a bar rami mai faɗin santimita 15 zuwa 20 don sandar labule ta ɓuya a ciki, labulen ya zama kamar daga silin yake zubowa. Ƙaramin abu ne amma yana ƙara wa ɗaki tsayi a ido.

Wanda yake neman abin koyi ba sai ya tsaya ga hotunan Dubai da Turkiyya ba. Maginan Hausa sun daɗe da sanin cewa darajar soro a samansa take. Azara, wadda ake tsagawa daga giginya, gara ba ta cika cinta ba, amma ba ta iya haye fili mai faɗi ita kaɗai. Wannan ne ya sa suka ƙware a bakan gizo: a riƙa ɗora azara kan azara ana turo ta gaba kaɗan-kaɗan daga bango, ana lulluɓe ta da ƙasa, har baka biyu su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna sai a samu ɗaurin guga, rufin ya rabu gida-gida, a jera azara a kowane gida tana kallon wani ɓangare daban, wani lokaci a kafa tasa ko farantin tangaran a tsakiya. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, shi ne babban misali, kuma wanda ya shiga Gidan Makama a Kano zai ga irin wannan aiki. Abin lura shi ne adon nasu daga ƙashin ginin yake fitowa, ba liƙa shi aka yi ba. Ana iya aro wannan tunani da POP: layuka biyu masu kauri su gitta biyu, su raba silin gida tara, a bar na tsakiya ya fi girma saboda fanka, a jera siraran katako a sauran. Ko kuma dagi guda ɗaya a tsakiyar silin zaure, ba tare da an yi masa rakiya da furanni ba.

Idan zanen ya kammala, a fitar da shi a ƙasan ɗakin da alli, da girmansa na gaskiya. Ka tsaya a bakin ƙofa ka duba. Gyara a wannan lokaci goge alli ne kawai.

Mataki na biyar: mai wayarin kafin mai POP

Wannan tsari ba a juya shi. Duk wayar fitila da ta fanka da ta na'urar sanyaya ɗaki, har da ta sola da ta kyamara idan ana da niyya nan gaba, a ja su yanzu, a cikin bututu, ba a yashe a kan katako ba inda ɓera zai same su. Duk inda aka haɗa waya biyu a sa shi cikin akwatinsa. Gobara da yawa daga cikin silin take farawa, inda ba mai gani.

Ƙugiyar fanka a jikin rafta mai ƙarfi ake ɗaure ta, ko a jikin rodin dekin idan gidan bene ne. Haka ma fitila mai nauyi irin ta lu'ulu'u. Allon silin ba ya ɗaukar komai sai kansa. A gwada kowace waya da wuta kafin a rufe, sannan a ɗauki hoton yadda suka bi, ranar gyara zai yi amfani.

A bar ƙofar shiga silin, santimita 60 da 60, a lungun da ba a cika kallo ba, kamar koridò ko sito.

Mataki na shida: layi da firam

Kar a auna daga ƙasa ko daga saman bango, domin da wuya ka samu ginin da ya daidaita ko'ina. A samo siririn tiyo mai gani-har-hanji a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakinsa biyu, a yi alama a kowace kusurwa daidai inda ruwan ya tsaya. Masu na'urar leza sun huta da wannan. A haɗa alamomin da zare mai shuni a buga layi a bango ko'ina. Duk silin daga wannan layin zai tashi.

Firam na katako ne ko na ƙarfe mara tsatsa. Idan katako ne, ya zama busasshe. Ɗanyen katako yana murɗewa idan ya bushe a sama, kuma shi ne asalin yawancin tsagewar da ake ɗora wa mai POP laifinta. Tazarar sanduna kar ta wuce santimita 60, ga allo siriri ma 40 ya fi. A ja zare daga bango zuwa bango a ƙarƙashin firam a duba ko akwai inda ya yi ciki.

Mataki na bakwai: ɗauri

Ga allon jifsam, a ɗaure shi da sukurorinsa na musamman, tazarar kusan santimita 20, kan sukurun ya nutse kaɗan ba tare da ya yaga takardar ba. Kar mahaɗar alluna ta zama layi ɗaya daga bango zuwa bango, a saɓa su yadda birkila yake saɓa bulo. Kowace mahaɗa a sa mata tef ɗin raga, a shafe da hodar liƙi sau biyu ko uku, kowane shafi ya bushe kafin na gaba, kowanne kuma ya fi na baya faɗi.

Ga POP, hoda ake barbaɗawa cikin ruwa, ba ruwa ake zubawa kan hoda ba, kuma a dama kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da za a iya aiki da shi cikin minti goma. Wanda ya fara daskarewa a zubar, kar a ƙara masa ruwa a ce za a farfaɗo da shi, ƙarfinsa ya riga ya tafi. Ka sa ido a kan filas, domin nan ake yi wa mai gida ƙwange: allon da aka rage masa zare yana da kyau a ido amma ba ya jure girgizar fanka. Ƙusa ko wayar da za ta taɓa POP ta zama mara tsatsa, in ba haka ba bayan wata biyu za ka ga ɗige-ɗige ja suna fitowa. Ruwan wankin kwano kuma kar a zuba shi a magudanar banɗaki, zai daskare ya toshe ta.

Lungun ɓoye fitila ya samu leɓe mai tsayin santimita 5 zuwa 8 don kar a hango igiyar fitilar daga ƙasa, da sarari na kusan santimita 15 a sama don hasken ya bazu, hannu kuma ya iya shiga.

Mataki na takwas: haƙuri, sannan fenti

POP yana daskarewa da wuri amma bushewa daban ce. Da rani kwanaki kaɗan sun isa, a watan Agusta kuwa yana iya neman mako biyu. Gwaji mai sauƙi: liƙa ƙyallen leda a jikinsa da tef ka bar shi ya kwana. Idan ka ga raɓa a ciki da safe, bai yi ba. Fentin da aka shafa kan danshi ɓarewa yake yi.

A goge da samfefa mai laushi, a share ƙurar, a shafa fentin share fage, sannan fentin ruwa shafi biyu. Lita ɗaya tana rufe kusan murabba'in mita 10 a shafi guda. A zaɓi mara ƙyalli, domin mai ƙyalli tona asirin silin yake yi, duk wani tudu sai ya nuna. Fari ko ruwan madara shi ne mai lafiya, yana ƙara haske kuma yana ɗaga ɗaki. Mai son launi ya sa shi a wuri ɗaya, ko cikin tsakiya ko jikin hawan, kuma ya ɗauko shi daga abin da ke ɗakin, kamar kafet ko labule. Launi mai duhu yana sauko da silin a ido, sai ɗaki mai tsayi sosai.

Mataki na tara: fitila

A kwalin kowane ƙwai akwai lamba mai harafin K. Mai 2700 zuwa 3000 haskensa ruwan zuma ne, ya dace da ɗakin kwana da lungun silin. Mai 4000 tsaka-tsaki ne, ya yi wa falo da kicin. Mai 6500 fari ne fat, irin na asibiti da shagon magani. Kar a gauraya su barkatai a ɗaki ɗaya. Shuɗi da kore da ja masu walƙiya kuwa, yara za su yi murna da su mako guda, daga nan ba mai sake kunnawa.

Ƙananan fitilun da ake nutsawa cikin silin a jera su da tazarar kusan mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, nesa da bango da rabin mita. Kar ko ɗaya ta faɗa saman fukafukan fanka, in ba haka ba hasken zai riƙa yankewa yana sa jiri.

A yi lissafin wuta, musamman mai sola. Falon nan mai mita 4 da 5, idan an sauke gefe da rabin mita, kewayen lungunsa mita 14 ne. Igiyar fitila mai cin wat 10 a kowace mita za ta ci wat 140, kusan abin da fanka biyu suke ci. Saboda haka a raba makunni: na lungu daban, na ƙananan fitilu daban, na tsakiya daban, yadda idan batir ya yi ƙasa za a kunna ɗaya kawai. Ƙaramin akwatin da ke rage wa igiyar ƙarfin wuta shi ne ya fi saurin mutuwa, a ajiye shi inda hannu zai kai ba sai an fasa silin ba.

Kafin a biya cikon kuɗi

Tun farko a yi ciniki a rubuce: murabba'in mita nawa, hawa nawa, kwanis yana ciki ko a'a, wa zai sayi kaya, wa zai kwashe shara. A je a ga aikin da ma'aikacin ya yi wanda ya shekara, ba wanda ya gama jiya ba, a tambayi mai gidan ko ya tsage. A riƙe wani kaso na kuɗin har sai an gama dubawa.

Dubawar da daddare ake yi. A kashe fitilu, a hau tsani, a kwantar da tocila a jikin silin yadda haskenta zai bi fuskarsa. Duk tudu da rami da mahaɗar da ba a shafe da kyau ba za su fito, a zagaye su da fensir a nuna wa ma'aikaci. Sannan a kunna fanka a lamba mafi ƙarfi na rabin awa, a saurara ko akwai inda ke kaɗawa, a duba kewayen ƙugiyar ko hoda tana zubowa. Siririn tsagewa a mahaɗa cikin watannin farko ba abin tsoro ba ne, ana buɗe shi kaɗan da wuƙa, a sa tef ɗin raga, a shafe, a taɓa fenti. Amma tsagewar da ke ƙara faɗi, ko wurin da ya fara yin ciki, wannan daga firam ne ko daga ruwa. A janye kujeru daga ƙarƙashinsa, a shiga ta ƙofar silin a gano dalilin kafin a sake shafa komai.